Abolengon Gidanmu

Kalmar Sifaniyanci guda ɗaya tak na sani a duniya, kuma ita ce ta kusa raba ni da matata tun kafin in aure ta. Kalmar ita ce abolengo. Ban koye ta a makaranta ba, har ƙofar gida aka kawo mini ita.

Wanda ya kawo ta Ƙanƙara ƙanen mahaifina ne. Ya bar gari tun ina rarrafe, ya bi fataken shanu zuwa Kurmi, daga nan labarinsa ya yanke. An yi cigiya har an gaji, mahaifina ya rasu bai sake sa shi a ido ba. Sai ga shi wata rana da kaka, cikin shekarun nan da ake ta maganar mulkin kai, ya diro daga bayan motar kaya da akwatin kwano, da malafa irin ta Turawa, haƙorinsa ɗaya na gaba babu. Ya ce daga Fanya yake, wani tsibiri can bayan Kalaba a tsakiyar ruwan gishiri, inda Turawan Sifen ke noman koko. Mata suka yi guɗa, aka yanka zakara, kowa ya zuba wa akwatin ido. Da aka buɗe sai ga bargo, da tsohuwar lema, da burushin goge doki. Inna ta leƙa, ta sake leƙawa, ta ce alhamdu lillahi tunda ya dawo da ransa, ta koma madafi.

Mu a gida Baba muke ce masa, gari kuwa ya sa masa Baban Fanya. Mutum ne mai daɗin zama, ba ya zagi, ba ya rowa, sai dai in ya buɗe baki to ka nemi wurin jingina.

Ni a lokacin saurayi ne, tela, ina zaune a rumfar da mahaifina ya bari a kasuwa. Ina neman 'yar wani malami na unguwar gabas, yarinya mai baki kamar reza, wadda ta fara zuwa rumfata da rigar ubanta a yi mata ƙari a wuya, ta tsaya a kaina tana gaya mini inda na karkace. Tun daga ranar na rasa sukuni. Magana ta yi nisa, an kai gaisuwa, Malam ya karɓi goro. Bai ce ya ba ni ba, amma in na durƙusa gaishe shi yakan tambayi lafiyar Inna, wanda ya san Malam kuwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya san mahaifina da sahun gaba a masallaci, ya san bai taɓa cin ƙyallen kowa ba, kuma bai nemi ya san abin da ya wuce haka ba. Abin da ya rage kawai a sa rana.

Da la'asar Baba yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mutane su taru, ya buɗe mana darasi. Ya ce ya fara da aikin gonar koko, daga baya ya zama mai kula da dokin wani Bature. Gidan Baturen nan akwai zaki da aka sassaƙa a saman ƙofa, kuma in baƙi suka zo sai su ɗaga kai su duba, su yi ƙasa da murya. Wannan, in ji Baba, shi ne abolengo. Asali ke nan, amma ba irin namu na a ce wane ɗan wane ne a yi shiru ba. Nasu sai an lissafa kaka da kakan kaka har numfashi ya ƙare. Kowane babban gida da dabbarsa, wani zaki, wani gaggafa. Dokin da yake gogewa ma yana da nasa, an san uwarsa, an san kakar uwarsa.

Ya koya mana yadda ake amfani da ita, don bai yarda a ɓata masa kalma ba. Ya ce mutum ba ya faɗin ta a kan kansa, wasu ke faɗa masa, su ce wane de abolengo ne. In kuma ana so a kai yabo ƙarshe sai a ce de rancio abolengo, wato asalin da ya tsufa har ya fara wari, kamar man shanun da ya daɗe a kwalba. Wani dattijo ya ce in dai wari ne to masu jimar fata sun fi kowa asali a garin nan. Baba bai yi dariya ba.

Kafin a kwana biyu kalma ta shiga kasuwa. Mai goro ya ce goronsa de abolengo ne, mahauci ya ce haka bajiminsa yake, wani ya sayar da gurgun jaki da ita. Inna ma na ji ta tana gaya wa maƙwabciya cewa tukunyar miyarta mai tsaga de abolengo ce, tun ta kakarta. Da abin ya tsaya nan da ban rubuta komai ba.

Sai Baba ya ga bai kamata gida kamar namu ya zauna ba alama ba. Wata ranar kasuwa, ina can ina taka keke, ya kira magini ya sa shi ya fitar da zaki da laka a goshin zaurenmu. Maginin nan gwani ne wajen dagi da zanen takobi, amma bai taɓa ganin zaki ba, Baba ne ke tsaye yana kwatanta masa. Abin da ya fito yana da jikin tunkiya, da gemun bunsuru, da wata irin fuska ta mai jin kunya. Yara suka taru suna gardama, wasu na cewa kare ne, wasu na cewa aljani.

Ana cikin haka Malam ya biyo ta hanyar daga wata gaisuwar rasuwa. Ya tsaya, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi mene ne wannan. Baba ya ce zaki ne, alamar abolengon gidanmu, ya kuma yi masa bayani tun daga kan Bature har kan doki. Malam ya saurara har ƙarshe. Ya fara tuna masa cewa mala'iku ba sa shiga gidan da aka yi surar dabba, sannan ya tambaya, to mu ɗin daga wane gidan sarauta muka fito? Baba ya ce ai abin a fili yake, a dubi tsawon yatsunmu, a dubi yadda mahaifinsu bai taɓa cin abinci a kasuwa ba.

Malam ya gyara rawani ya ce, "Ni da ban yi niyyar tambaya ba, don na san uban yaro. Amma tunda ku kuka buɗe bakin buhu, sai a kawo mani asalin in ji, sannan mu yi maganar sa rana."

Da labari ya same ni a rumfa, allura ta shige mini yatsa ban ji ba. Na dawo gida ina huci, na tarar da Inna ta riga ni. Tana tsaye a bayan ƙofa, don ba ta haɗa ido da ƙanen miji in za ta yi faɗa, tana gaya wa bango cewa garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Ita da aka aurar da ita gidan nan wa ya tambayi zaki? Baba yana zaune yana goge malafarsa, ya ce a kwantar da hankali, gaskiya ba ta tsoron bincike.

Washegari yarinyar ta biyo ta rumfata da tallan gyaɗa. Ta ce ta ji ashe da 'yan sarki take hulɗa, in mun gano gadon sarautar a tuna da talakawa. Na ce mata ba lokacin wasa ba ne. Sai ta rage murya ta gaya mini cewa ɗan gwaggonta mai sayar da goro ya fara zarya gidansu, shi kuwa asalinsa ko makaho ya san shi. Ta ce ita ba ta son mai goro, amma ba za ta iya yi wa ubanta gardama ba in na dawo hannu rabbana. Ta zuba mini gyaɗa a kan keken ɗinki ta tafi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Haka muka kama hanya, ni da Baba, a kan kekena na hawa. Ni ke tuƙi, shi yana zaune a baya da lemarsa a buɗe, iska na cika ta tana ja da mu baya. In na ce ya rufe sai ya ce mutumin da za shi neman asali ba ya isa da baƙar fuska.

Mun fara da Pauwa, wurin Gwaggo, yayar su mahaifina. Kunnenta ya yi nauyi, sai da muka yi ta ɗaga murya har maƙwabta suka san abin da ya kawo mu. Ta ce ita ubansu bai taɓa yi mata maganar garinsu ba, in aka tambaye shi sai ya ɗauki buta ya zagaya. Abin da ta sani kawai a Ruwan Godiya ya auri uwarsu, a gidan liman na lokacin ya sauka. Baba ya dube ni ya ɗaga gira. Ya ce ka ji ko, ɗan sarkin da aka yi wa ƙwacen sarauta haka yake ɓoye kansa.

A Ruwan Godiya muka sami 'yar limamin nan da ranta, tsohuwa tukuf, tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗi. Muka gaisa, muka faɗi ko mu su wane ne. Ta ajiye mazari ta dube mu, ta fara dariya tun kafin a tambaye ta komai. Baba ya tambaya ko ta tuna launin dokin da mahaifinsa ya zo a kai. Ta ce ta tuna sarai, doki ne mai ƙafa biyu da kaushi. Da ƙafa ya zo, da warki, da gatari a kafaɗa, ƙato ne mai cin tuwon mutum uku. A wajen ubanta ya tuba. Ta ce suna yara sukan laɓe bayan zana suna kallon ƙato da gemu ana koya masa alwala, yana wanke ƙafa kafin fuska. Amma kafin shekara ta zagayo ya fi 'yan gari zuwa masallaci, kuma shi ya nome wa liman gona ba a roƙe shi ba.

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya. Tuba dai ma'anarta ɗaya ce, kakanmu Bamaguje ne ya shigo Musulunci da girmansa. Baba ya yi gyaran murya ya ce a cikin labaran da ya ji, 'ya'yan sarakuna kan yi shigar talakawa. Tsohuwa ta ƙyale shi ta juyo wajena.

"Kai yaro, gidanku ana cin damo?"

Na ce a'a. Na tuna ranar da na kamo wani ina yaro, na shigo da shi ina murna, mahaifina da bai taɓa dukana ba ya tsinka mini mari, ya sa na mayar da shi inda na ɗauko shi. Baba ma ya shafa kuncinsa, don shi ma an taɓa marin sa a kan haka. Tsohuwa ta ce to shi ne kan gidanmu. Kowane gidan Maguzawa da dabbar da ba ya kashewa, ba ya ci, kuma mutum kan bar komai na gida ya riƙe wannan. Ta ce mu tafi Damari, can ƙasar Sabuwa, mu tambayi gidan da ba a taɓa damo.

Da muka fito na ce wa Baba mu juya. Mu ce wa Malam tsofaffi sun ƙare, ba mu sami kowa ba, in ya so ya yi hukunci da abin da ya sani na mahaifina. Baba ya ce ina, zumunta a ƙafa take. Na ce ƙafar kuwa tawa ce, shi zama kawai yake yi. Ya hau bayan keke ya buɗe lema.

Hanyar Damari ta ci mini cinya, ga duwatsu, ga yashi, ga ƙaya da ta sa muka yi ta faci. A kasuwar garin da muka yi tambaya ba wanda ya yi ko tunani, hannu kawai aka miƙa mana yamma. Muka bi ta cikin gonaki, dawa ta yi ƙosasshen kai an fara girbi, har muka hango gida ɗaya tilo mai girman unguwa. Rumbunan da ke cikinsa sun fi ɗakuna yawa. Karnuka suka tarye mu, mata na wucewa da kaya a kafaɗa, ga ƙamshin giya na tashi daga wasu manyan tukwane. A kan wani falalen dutse a bakin ƙofa kuwa ga damo kwance yana shan hantsi, ya yi ƙiba har wuyansa ya ninke, yara na tsallake shi kamar taɓarya.

Na ce, "Baba, ga zakinka nan."

Baba ya sauko daga bayan keke. Ya rufe lema, ya cire malafa, ya tsaya yana kallon dabbar.

Aka kai mu wurin mai gida, wanda suke kira Sarkin Noma, sarautar da ake ba wanda ya taɓa noma dami dubu a damina ɗaya. Tsoho ne ƙwarai, yana zaune a kan kifaffen turmi, idonsa ya yi hazo. Ba mu gama sallama ba ya ce Baba ya matso. Ya shafa kunnuwansa, ya dubi ƙafafunsa, sai ya ambaci wani suna da ban taɓa ji ba, sunan kakana kafin ya tuba. Ya ce wannan kunne ko a lahira ya gan shi ya san na ɗakinsu ne. Shi ne autan su kakana, yana ƙarami wansa ya tafi.

Baba ya tattara sauran ƙarfin halinsa ya tambaya ko rikicin sarauta ne ya fitar da shi. Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce wace sarauta, mace ce. Kakana ya kai dawa kasuwa ya ga wata 'yar masu salla daga Ruwan Godiya, aka ce ba a ba shi sai ya tuba, ya dawo ya ajiye fartanya ya bi ta. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya sake fashewa, ya ce mu dai jinin gidan nan mace ke kai mu, mace ke dawo da mu. A nan na gane ashe ciwon nawa na gado ne.

Sun karɓe mu da mutunci irin wanda ban zata ba. Aka kawar da tukwanen giya daga inda za mu zauna, aka kamo zakara aka miƙo mini wuƙa in yanka da hannuna don sun san ba ma cin yankansu, aka fito da sabuwar tukunya. Da rana ta karkata wata tsohuwa ta shimfiɗa mana buzu ta nuna mana gabas, ta kori yara daga gabanmu.

Bayan mun ci, Baba ya roƙi tsoho ya lissafa mana iyaye. Tsoho ya gyara zama ya fara, wane ya haifi wane, kowa da abin da aka san shi da shi. Akwai wanda ya haƙa rijiyar da muka sha, akwai wanda kura ta ciza a gindi ya rayu yana zama da gefe ɗaya, akwai wanda ya yi dubu sau biyu. Can sama akwai wanda mahara suka koro ya shige kogon dutse, damo ya zo ya kwanta a bakin kogon, mahara suka ce inda damo ke barci babu mutum, suka wuce. Tun daga shi ba a taɓa damo a gidan. Na yi ƙoƙarin riƙe lissafi da yatsu, yatsu suka ƙare tsoho bai ƙare ba. Baba ya raɗa mini cewa Baturensa bai kai rabin wannan ba, wannan shi ne rancio na gaske.

Tsoho ya ce duk shekara in an gama girbi sukan kira sunayen waɗanda suka tafi, da matattu da waɗanda suka ɓata, kuma ba a taɓa tsallake na wansa ba. Baba ya tambaya a hankali ko shi ma ana kiran nasa. Tsoho ya ce da ba su san da shi ba, amma yanzu sun sani. Ya sa aka faɗa masa sunan mahaifina, da na Gwaggo, da na Baba, da nawa, ya maimaita su yana ɗora su a ƙarshen lissafi. Baba ya sa malafa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Ni ma abin ya taɓa ni, amma gaskiya rabin zuciyata na can wurin mai goro.

Kafin mu taso Baba ya gayyace su biki, kowa da kowa, ya ma kwatanta musu gidan. A hanya bai buɗe lema ba. Sunayen nan yake ta bita da ƙarfi a bayana, in ya ɓata ya koma farko, har na haddace su ba da sona ba.

Mun iso gida muka tarar Inna ta sa an shafe zaki da sabuwar laka, sai ɗan tudun gemun da ya ƙi kwanciya. Baba ko kallon wurin bai yi ba. Na zaunar da shi na roƙe shi. Na ce ba ƙarya za mu yi ba, ya ce wa Malam mun gano mu jikokin gidan sarki ne a ƙasar Sabuwa, ya haɗiye kalmar noma, ya yi shiru. Mutumin da ya mayar da tunkiya zaki ai wannan ba zai gagare shi ba. Ya saurare ni, ya ce Allah ya kai mu gobe.

A zauren Malam na zauna can baya kusa da takalma, kaina a ƙasa. Aka gaisa, Malam ya ce to, an samo? Baba ya ce an samo. Sai ya fara daga mai kogon dutse, ya gangaro ɗaya bayan ɗaya, bai bar mai cizon kura ba, bai bar damo ba, bai bar warki da gatari ba, har ya iso kan ƙaton da aka koya wa alwala. Ni kuwa ina zaune ina jin aurena na tsiyayewa kamar ruwa a kwando.

Malam ya tambaye shi me ya sa bai rufa wa kansa asiri ba, alhali ba wanda zai bi sawunmu har Damari.

Baba ya ce, "Malam, shekarun da na yi a Fanya ba wanda ya taɓa tambaya ta ɗan wa nike. Dokin da nike gogewa an san kakanninshi, ni ko sai a ce kai, zo nan. Da na mutu can da ba a san wa za a gaya ma ba. Yanzu na je inda aka shafa kunnena aka ce na gida ne. Ba ni iya cewa ban san su ba."

Malam ya daɗe yana jan casbi. Ya ce wanda ya bar gidan ubansa da girmansa ya koyi salla, ba abin kunya ba ne a ce an fito daga tsatsonsa, watakila ma ya fi waɗanda suka tarar da abin a shimfiɗe. Ya ce ya ba ni. Na ji kamar in tashi in rungumi ginshiƙin zaure. Sai ya ƙara da cewa sharaɗi ɗaya ne, yana da baƙi malamai da za su zo daga nesa, mutanen can kada su zo wurin ɗaurin aure, kada a gan su a gidan biki.

Baba ya ɗago kai. Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ban san abin da ya gani a fuskata ba. Sannan ya juya ya ce, "An ji, Malam."

Shi da kansa ya nemi wani falke mai zuwa kasuwar Damari ya ba shi saƙo. Bai gaya mini yadda ya tsara maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Darasin ƙofar gida ya mutu, in yara suka tsokane shi da abolengo sai ya yi murmushi ya wuce. Amarya kuwa ta samu abin yi, ta aiko ƙawarta ta tambaye ni ko in an kawo ta sai ta riƙa durƙusa wa ƙadangarun gidan, ko damo kaɗai ne surukinta.

Ranar ɗaurin aure Baba ya sa babbar rigar da na ɗinka masa, ya karɓa mini aure, aka shafa fatiha, aka raba goro. Makaɗa suka fara, abokaina suka kewaye ni. Ana cikin haka wata mai tallan nono ta ce akwai wasu baƙi da jakuna a gindin tsamiyar bakin gari, tun hantsi suke zaune, sun ce ba su shigowa. Na dubi Baba, ya dube ni, muka zame daga cikin taro.

Su ne. Samari huɗu ko biyar, da jakuna ɗauke da damman dawa, da wani ɗan akuya ɗaure. Tsoho yana jingine da tsamiya, ƙafafunsa sun kumbura, ashe a kan jaki aka ɗauko shi duk tsawon hanyar nan. Muka durƙusa. Baba ya buɗe baki zai ba da haƙuri, tsoho ya ɗaga hannu.

"Saƙonku ya iso, ba shiga muka zo yi ba. Mun san yadda gari yake. Amma ɗanmu na aure, ba a cewa ba mu tako ba. Daga nan ma muna jin kiɗin."

Ya sa aka sauke dawa, ya ce ta amarya ce. Ya kama hannuna ya tofa mini albarka irin tasu, ya ce ƙasa ta ba ni, mata ta haifa, kada rumbuna ya ga ƙasansa. Na samu abin da nake so a ranar, kuma ban taɓa jin murna da ɗaci sun haɗu mini irin haka ba. Sai godiya nake ta maimaitawa.

Daga cikin gari kiɗa ya ƙara ƙarfi, na ji maroƙi na cigiyar ango da waliyyinsa. Na miƙe, na jira Baba ya miƙe. Sai na ga ya tattare babbar rigarsa ya zauna a ƙasa kusa da tsoho, ya jawo goran ruwa.

Ya ce, "Tahi, ana jiranka. Ka ce a aiko da tuwo. Ni ina da baƙi."

Na koma gari ni kaɗai. Da na kai kwanar marina na waiwaya, yana durƙushe yana zuba wa tsohon ruwa a ƙafa.